Buzuzun Fir'auna: Wa Ya Rataya Su, Kuma Me Ya Kai Su Landan?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Alƙahira. Ranar hutu mun leƙa gidan tarihin da ke dandalin Tahrir, sai na ga akwatunan gilashi cike da 'yan ƙananan duwatsu da aka sassaƙa kamar buzuzu, an jera su kamar 'ya'yan carbi, an rubuta wai wannan na sarki wane ne, wancan na sarki wane. Sarakunan ne suka rataya su a jikinsu? In haka ne, yaya sarki ɗaya zai mallaki ɗaruruwa? Me ya sa duk halittun Allah sai buzuzu? Na ji kuma akwai irinsu da yawa a Landan da Amurka, me ya kai su can? Sannan na sayi guda a kasuwar Khan al-Khalili, mai shagon ya rantse mini tsoho ne.

Amsa: Allah ya ba da sa'ar karatu, ɗan'uwa. Bari in fara da inda yawancin masu ziyara ke zamewa. Sunan sarki a cikin buzuzu ba ya nufin sarkin ya taɓa riƙe shi, ba ma ya nufin a zamaninsa aka yi shi. In ka taɓa ganin tsohon kwabon nan mai huji na zamanin Turawa, ai da sunan Sarkin Ingila a jikinsa, amma a hannun mai ƙosai ya kwana. To haka mafi yawan abin da ka gani. Sunan na fada ne, abin kuma na magatakarda ne, na soja, na ɗan kasuwa, na uwar da ta ɗaura wa jaririnta a wuya. Akwai waɗanda daga fadar suka fito da gaske, zan zo kansu, amma su ne kaɗan.

Batun me ya sa buzuzu, duk wanda ya taɓa zama a bakin garke da damina ya san amsar rabi. Ka ga yadda yake dunƙula kashin shanu ya yi mulmulalle, ya kifa kai ƙasa, ya riƙa turawa da ƙafafun baya yana tafiya da baya-baya, har ya kai inda zai haƙa rami ya shige da shi. Mu nan abin ƙyama muke gani. Manomin bakin Nilu na shekara dubu huɗu da suka wuce kuwa rana ya gani: ƙwallo ana gungura shi daga gabas zuwa yamma, ya nutse ƙasa, gobe da asuba ya sake fitowa. Sannan tamatar takan yi wani dunƙulen a ƙarƙashin ƙasa ta sa ƙwai a ciki, bayan wani lokaci sai sabon buzuzu ya fasa ƙasa ya fito. Su ba su ga ƙwan ba, sai suka ɗauka shi ya samar da kansa. A harshensu sunan ƙwaron da kalmar da ke nufin "zama" ko "kasancewa" tushensu ɗaya, kheper, kuma abin bautarsu na ranar hantsi Khepri suke ce masa, suna zana shi mutum mai kan buzuzu. Saboda haka wanda ya rataya buzuzu, a imaninsu, sabuwar rayuwa ya rataya. Shi ya sa kalmar ta cika sunayen sarautarsu: Menkheperre, Akheperure, Nebkheperure.

An fara yin su wajen shekara ta 2100 zuwa 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, aka ci gaba da yi kusan shekara dubu biyu. Mafi yawa da wani dutse mai laushi ake yi, wanda ake ce wa sitiyatait, laushinsa har farce na iya karce shi. Masassaƙi zai yanka shi da ɗan ƙarfe, ya fitar da kai da fukafukai da ƙafafu, ya huda shi daga kai zuwa gindi don zare, ya zana rubutu a shimfiɗaɗɗen cikinsa, sannan a shafe shi da haɗin da ke da tagulla a gasa. Wuta ke mayar da shi mai tauri, ta kuma ba shi launin shuɗi ko kore mai ƙyalli irin na tangaran. Waɗanda ka gani farare-farare ko masu launin ƙasa, ba haka suka fito daga murhu ba, shekaru ne da gishirin ƙasa suka cinye shafen. Akwai kuma na niƙaƙƙen yashi da ake zubawa a ma'auni a gasa, akwai na jan dutse, da na dutse mai launin makuba da suke haƙowa a Wadi el-Hudi kusa da Aswan, da na shuɗin dutsen nan da ake kawowa tun daga Badakshan ta ƙasar Afganistan. Yawancinsu ba su wuce ƙwayar gyaɗa ko gurjiya ba.

Ban manta ranar farko da aka ba ni ɗaya na riƙe a ɗakin ajiya, da safar hannu, ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin da ya tsaya mini a rai ba rubutun ba ne, bakin hujin ne. Zare ya ci gefe ɗaya har ya yi kwari, santsi kamar bakin tsohuwar rijiya inda igiyar guga ta saba bi. Kafin zare ya ci gasasshen dutse haka sai an yi shekaru ana rataye da shi, ana gumi, ana wanka, ana kwana da shi. A cikin ramukan rubutun kuma sauran shuɗin shafen na nan maƙale, ɗigo-ɗigo, duk da bayan ya koɗe fat.

Aiki biyu suke yi: laya ne, kuma hatimi ne. A zamanin da ake kira Tsakiyar Daula, wajen shekara dubu huɗu da suka wuce, ma'aikacin gwamnati zai ɗaure bakin buhu ko akwati ko naɗaɗɗiyar wasiƙa da igiya, ya manna ɗanyen yumɓu a kan ƙullin, ya danna cikin buzuzunsa. A ganuwar soja ta Uronarti, wani tsibiri a kan Nilu cikin ƙasar Sudan ta yau, an tono dubban irin waɗannan gutsattsarin yumɓu da aka ɓalle aka yar. In ka juya bayan ɗaya za ka ga sawun igiyar, wani lokaci har da sawun zaren takarda ko na turken katakon da aka naɗa igiyar a kai. Ni a wurina waɗannan ɓaraguzan ba su gaza buzuzun kansa daraja ba, don su ke nuna an yi aiki da shi.

Yanzu ga batun sunaye. Za ka ga buzuzu da sunan Khufu, wanda ya gina babbar dalar Giza, ko da sunan Sneferu mahaifinsa. Khufu ya mutu wajen ƙarni biyar kafin a sassaƙa buzuzu na farko mai irin wannan siffa. Mutanen baya ne suka yi su, don tunawa da neman tubarraki da sunan magabata. Sunayen sarakuna masu rai sun fara bayyana a kansu ne a gidan sarauta na 12, zamanin su Senusret na Uku da Amenemhat na Uku, wajen 1850 kafin haihuwar Annabi Isa (duk shekarun Fir'aunoni da zan ambata haka ake ƙirga su).

Wanda ya fi kowa cika akwatunan gidajen tarihi shi ne Tutmos na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1479 zuwa 1425, mayaƙin da ya ci garin Megiddo ya kai rundunarsa har bakin kogin Furat. Sunan sarautarsa Menkheperre, kuma alamomi uku kacal ake rubuta shi da su: faifan rana a sama, allon wani wasa irin na dara a tsakiya, buzuzu a ƙasa, duk a cikin zagayen igiya da ake kewaye sunan sarki da shi. Ka koyi waɗannan ukun, za ka yi mamakin yawan inda za ka gan su. An ci gaba da sassaƙa wannan suna shekaru ɗari bakwai, ɗari takwas bayan an binne shi, a Masar da wajen Masar, har a hannun masu sana'ar da ba su iya karanta abin da suke kwaikwaya ba. Sunan ya tashi daga na mutum ya koma kalmar tsari. Wasu masana ma na ganin alamomin uku ɓoyayyar hanya ce ta rubuta sunan Amun, babban abin bautar birnin Tibis (Luksor ta yau), ko da yake ba kowa ya yarda da wannan karatu ba. Abin da ya biyo baya a aikace shi ne: in an tono kabari aka sami Menkheperre a ciki, iyakar abin da za a ce shi ne kabarin bai riga 1479 ba. Yana iya zama na 1400, yana iya zama na 700.

To ta yaya ake gane shekarunsa? Da bayansa ake ganewa, ba da cikinsa ba. Kowane zamani da yayinsa. Ana duba siffar kai, ana duba ko an ja layi tsakanin ƙirji da fukafukai, layi ɗaya ne ko biyu ko uku, ana duba ƙafafu: an rarake tsakaninsu ne har haske na wucewa, ko an yi musu tsaga-tsaga kamar gashin tsuntsu, ko kuwa zobe ɗaya kawai aka ja a kewaye. Na Tsakiyar Daula sukan zo da ado mai naɗe-naɗe a gefen rubutu. Na zamanin Hiksos, wato sarakuna 'yan asalin Kan'ana da suka mulki arewacin Masar, bayansu sumul yake, sai 'yar tsaga biyu a gefe. Daga gidan sarauta na 18 kuma sai 'yan alamu biyu masu kama da bakin kibiya suka yawaita a kafaɗun fukafukai. Masana irin su Olga Tufnell da William Ward da Daphna Ben-Tor sun ƙarar da shekaru suna jera waɗannan siffofi, suna gwada su da tukwanen da aka samu tare da su a rami ɗaya. Shi ya sa nake jin takaici in na ga gidan tarihi ya manna buzuzu a allo, gefe ɗaya kawai ake gani. Waɗanda suka san aikinsu sukan sa ɗan madubi a ƙasa, ko su ajiye bugun hatimin a kusa.

Duk da haka kada ka raina sunayen. Akwai sarakunan da ba don buzuzu ba da ba mu san sun taɓa zuwa duniya ba. A lokacin da mulki ya rarrabu, wajen 1700 zuwa 1550, mutanen da asalinsu daga ƙasar Kan'ana ne suka yi sarauta a arewacin Masar. Akwai wani Sheshi, ba a san masa dala ba, ba a san masa gunki ba, ba a san kabarinsa ba, amma an tattara buzuzu da hatimai kusan 400 masu sunansa, daga Falasɗinu har Karma ta Sudan. Akwai Yaƙub-Har, wanda ka ji sunansa ka san ba Bamisire ba ne. Jerin waɗannan sarakuna, wa ya riga wa, da siffar bayan buzuzu ake ta ƙoƙarin warware shi har yau.

Sai waɗanda suka fito daga fada da gaske. A kakar tono ta 1926 zuwa 1927, ma'aikatan gidan tarihin Metropolitan na New York ƙarƙashin Herbert Winlock suna aiki a haikalin sarauniya Hatshepsut da ke Deir el-Bahri, hayin Luksor. Suka faɗa kan ramuka uku na kayan da ake binnewa ranar aza harsashin gini. A ciki akwai buzuzu da hatimai 299, sababbi ful, shuɗinsu bai koɗe ba, zare bai taɓa cin bakinsu ba. Suna ɗauke da sunayen Hatshepsut da laƙabobinta, na lokacin da take matar sarki da na lokacin da ta naɗa kanta sarki da sunan Maatkare, da sunan Tutmos na Uku da suke sarauta tare, da na 'yarta Neferure. Waɗannan mun san wa ya sa a yi su, mun san yaushe, mun san dalili. Guda 65 suka zauna a Alƙahira, sauran suka tafi New York.

Amma sarkin buzuzu shi ne Amenhotep na Uku, wanda ya hau wajen 1390. Shi ya mayar da abin sanƙira. A shekaru goma sha ɗaya na farkon mulkinsa ya sa aka yi manya-manya, waɗanda ke cika tafin hannu, wasu sun kai santimita 10, aka rubuta labari layi-layi a cikinsu aka rarraba wa hakimai da sarakunan da ke ƙarƙashinsa. Sama da 200 sun tsira, kuma labari biyar ne suke maimaitawa. An tsinci wasu a Ugarit ta gaɓar Siriya, wasu a Soleb can cikin Sudan, ka ga iyakar inda shelar ta kai.

Wanda ya fi yawa, fiye da rabinsu, na farautar zaki ne. Bayan dogon kirarin sarki da sunan uwargidansa Tiye, sai a ce adadin zakunan da mai martaba ya kashe da kibiyarsa, daga shekara ta ɗaya zuwa ta goma, 102. Na biyu na farautar shanun daji ne a shekara ta biyu: aka zo aka gaya wa sarki an ga garke, ya shiga jirgi da dare ya bi kogi, aka sa sojoji suka kewaye dabbobin da shinge da gwalalo, guda 170; ranar farko ya samu 56, ya huta da dawakinsa kwana huɗu, ya koma ya samu 40, jimla 96. Ka lura da hutun dawakin nan. Irin wannan ɗan bayani ba ka samunsa a manyan bangayen haikali.

Na uku shi ne wanda Turawa suka laƙaba wa na aure, alhali babu kalmar aure a ciki, babu ma kwanan wata. Abin da ya ce shi ne: babbar matar sarki Tiye, sunan mahaifinta Yuya, sunan mahaifiyarta Tuya, ita ce matar ƙaƙƙarfan sarkin da iyakarsa ta kudu ke Karoy, ta arewa ke Naharin. Wato daga arewacin Sudan zuwa arewacin Siriya. Yuya da Tuya ba jinin sarauta ba ne, manyan mutanen garin Akhmim ne. Sarki ya sa a sassaƙa sunan surukansa a dutse a aika ko'ina, don kowa ya san matsayin 'yarsu ba abin taɓawa ba ne. Na huɗu na shekara ta goma ne, yana ba da labarin isowar Gilukhepa, 'yar Shuttarna sarkin Mitanni, wato ƙasar Naharin ɗin nan, da mata 317 na rakiyarta. Ko a nan ma, a sanarwar zuwan amarya, sai da aka fara ambaton Tiye da iyayenta.

Na biyar na fi so. A shekara ta goma sha ɗaya, ranar farko ta wata na uku na lokacin ambaliya, sarki ya ba da umarni a yi wa Tiye tafki a garinta Jarukha, tsawonsa kamu 3,700, faɗinsa kamu 700. Ranar 16 ga watan aka yi bikin buɗewa, sarki ya shiga jirgin ruwansa mai suna "Aten na ƙyalli" aka tuƙa shi a kai. Kamun fada ya ɗan haura santimita 52, wato tsawon ya kusa kilomita biyu. Babu mai haƙa wannan da fartanya a kwana goma sha biyar. Shi ya sa masani Jean Yoyotte ya kawo fassarar da na fi gamsuwa da ita: fadama ce aka datse da bango aka tare ruwan ambaliya, aka bar shi ya jiƙa ƙasa, sannan aka fasa don a yi shuka. Gona ce aka ba uwargida, amfaninta nata. Sunan jirgin kuma abin lura ne, don Aten ɗin nan, faifan rana, shi ne ɗansu Akhenaten ya zo ya ɗaukaka a kan duk sauran abubuwan bautar ƙasar.

Akwai wani iri daban da ba na masu rai ba ne, buzuzun zuciya. Shi babba ne, da koren dutse ake yi, a ɗora a ƙirjin gawa cikin likkafani. A imaninsu za a ɗora zuciyar mamaci a sikeli a gwada ta da gashin tsuntsu na gaskiya, don haka sai a rubuta roƙo a cikin buzuzun, mamaci na lallashin zuciyarsa kada ta tsaya shaida a kansa, kada ta tona masa asiri gaban mai riƙe da sikeli. Ɗaya daga cikin mafi tsufa na sarakuna yana Gidan Tarihin Birtaniya a Landan, na sarki Sobekemsaf ne na gidan sarauta na 17, koren dutse mai fuskar mutum, an dasa shi cikin zinariya. Tsuntsayen da ke cikin rubutunsa an zana su babu ƙafafu, don gudun kada su rayu su cutar da gawar. Akwai kuma takardar shari'a ta shekara ta 16 ta mulkin Ramsis na Tara, wajen 1110, inda wani magini mai suna Amenpanufer ya amsa cewa shi da abokansa bakwai sun fasa kabarin wani sarki Sobekemsaf da matarsa, sun kwashe zinariya da layun wuyansa, nauyin deben 160, kusan kilo 14 da rabi, sun cinna wa akwatunan wuta. Sarakuna biyu ne suka yi wannan suna, masana da dama na ganin na Landan ɗin na wanda aka yi wa fashin ne.

Kayan Tutankhamun kuwa buzuzu ko'ina, don sunan sarautarsa Nebkheperure da shi ake rubutawa: kwando a ƙasa, zane uku, buzuzu, faifan rana a sama. Maƙeran fada sun mayar da sunan kansa abin wuya. A ɗaya daga cikin abin ƙirjinsa akwai buzuzu mai launin ruwan ɗorawa da ɗan kore-kore, wanda Howard Carter, mutumin da ya gano kabarin, ya ɗauka dutse ne na yau da kullum. Sai a 1998 wani masanin ma'adinai ɗan Italiya, Vincenzo de Michele, ya gwada shi ya gano gilashin hamada ne, wanda zafin wani dutse da ya faɗo daga sama ya narkar da yashi ya samar, kimanin shekara miliyan 29 da suka wuce, a can ƙuryar Sahara kan iyakar Masar da Libiya. Wani ya tsinto shi a tsakiyar rairayi, ya bi hannu-hannu ɗaruruwan kilomita har ya iso bakin Nilu.

Me ya kai su waje? Wasu tun a zamanin da suka fita da ƙafarsu. A 1982 wani mai nutso neman soso ya hango tarkacen jirgi a ƙarƙashin teku a Uluburun, kudancin Turkiyya. Jirgin ya nutse wajen 1300 kafin haihuwar Annabi Isa ɗauke da tan goma na tagulla da tan ɗaya na kuza. A cikin tarkacen zinariyar da ke ciki, irin wadda ake tarawa don narkarwa, aka sami ɗan buzuzun zinariya mai sunan Nefertiti matar Akhenaten, ya sha hannu har ya goge. Yana gidan tarihin Bodrum yanzu. An sami mai sunan Tiye a Maisini ta Girka. A tsibirin Iskiya na Italiya kuma an tono kabarin wani yaro da buzuzu mai sunan Bakenrenef, sarkin da bai wuce shekara biyar ko shida a kan gado ba, wajen 720 zuwa 715, kuma ba wanda ya ci gaba da tunawa da shi balle a riƙa maimaita sunansa. Saboda haka wannan ɗan abu ya zama turken da ake ɗaure shekarun tukwanen Girka na wancan ƙarni. Da ɗan kasuwa ne ya tono shi ya sayar, da yanzu buzuzu ne kawai a cikin dubu, babu abin da zai faɗa wa kowa.

Kuma abin da ya sami mafi yawansu ke nan. A ƙarni na 19 buzuzu shi ne tsarabar Masar: ƙarami ne, yana shiga aljihu, ba tsada. Jakadu da hafsoshi da 'yan yawon buɗe ido suka riƙa saye a hannun dillalan Luksor da Alƙahira, magada kuma suka riƙa bai wa gidajen tarihi kyauta ko su sayar a gwanjo. Flinders Petrie kansa, masanin tono ɗan Ingila wanda ya tono ma'aikatar yin buzuzu a Naukratis ta arewacin Masar a 1885 har da ma'aunan yumɓu da ake zuba su, ya sayi da yawa a kasuwa, tarinsa yana gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Landan. Sai hanya ta biyu, rabon kayan tono, inda hukumar kayan tarihi ta Masar, wadda Faransawa ke shugabanta a lokacin, ke ɗaukar kasonta ta bar wa baƙi sauran, kamar yadda aka yi da na Hatshepsut. Ina da ƙorafi a kan wannan rabo, don Misirawa ba su ke riƙe da wuƙar ba. Amma aƙalla waɗannan an rubuta ramin da suka fito. Waɗanda suka fi ba ni baƙin ciki su ne masu katin da ba a rubuta komai ba sai "Masar, an saya". In ka koma gidan tarihi, layin da ya faɗi inda aka samo abin shi za ka fara nema, kafin sunan sarki.

Inda kasuwa ta buɗe kuwa jabu na biye. A 1908 aka sayar wa gidan tarihin Brussels na Beljiyam da wasu manyan buzuzu biyu masu ba da labarin yadda Fir'auna Neko na Biyu ya tura jirage suka kewaye Afirka, labarin da a wajen marubucin Girka Herodotus kaɗai aka san shi. Murna ta cika gari, sai Adolf Erman da Heinrich Schäfer na Balin suka zauna da rubutun, suka nuna an tsinto jimlolin ne daga sanannun rubuce-rubuce aka harhaɗa, da kurakuran nahawu a wuraren ɗinki. Ɗan wani marigayi masanin tarihin Masar ne ya shirya su, magana har kotu. Waɗanda aka yaudara ba 'yan koyo ba ne, manyan masana ne.

Naka na Khan al-Khalili, kusan babu shakka sabo ne. Ana sassaƙa su yau a ƙananan shagunan hayin Luksor da wasu unguwannin Alƙahira, a jiƙa su da shayi ko a binne su a ƙasa su yi kamar sun tsufa. Duba rubutun: galibi alamomi ne barkatai da ba su haɗa kalma ba, hujin kuma miƙaƙƙe ne sumul irin na injin, alhali na da daga ɓangarori biyu ake huda su a haɗu a tsakiya, sau da yawa da ɗan karkace. Ka ajiye shi a matsayin tsaraba, kuma ka gode wa Allah da ya zama sabo. Dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 ta haramta cinikin kayan tarihi da fitar da su, hukuncin ɗauri ne mai tsanani, kuma kai baƙo ne mai takardar zama ta karatu. Duk wanda ya ja ka bayan shago ya ce yana da na gaske, ka yi masa sallama.

In ka sake shiga Tahrir, ka nemi kayan Yuya da Tuya, waɗanda aka tono daga kabarinsu a Kwarin Sarakuna a 1905, ka tsaya gaban fuskokinsu na zinariya, su ne mutanen da aka aika sunansu har Siriya a cikin buzuzu. In kuma ka yi dace da ɗaya daga cikin na farautar zaki, can ko a wani gidan, ka sa ido a ƙarshen layin ƙasa. Za ka ga hoton zaki, sannan wata alama kamar naɗaɗɗiyar igiya, ita ce ɗari, sai 'yan sanduna biyu a gefenta. A wasu ƙalilan, maimakon sandunan, wata alama ce mai kama da baka a kife, ita ce goma, sai lissafin ya koma 110.